Tsagar da ke Kuncin Fataw

Ku ajiye zagin tukuna, masu karatu. Na ga saƙonninku, na ga masu cewa Latifatu ta samu miji ta manta da mutane. Wallahi ba daɗi ne ya ɓoye ni ba. Ku matso kusa, yau abin da ke cikina zan amayar, in na gama wanda ya ga dama ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar Nima ce ta birnin Accra, a bayan kasuwa gidanmu yake, abaya da mayafai nake sayarwa ta waya. Wanda zan aura sunansa Fataw, mai gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, shagonsa na New Town. Mutanensa sun kawo goro, Baba ya karɓa. Fataw ba irin kyawawan nan ba ne da ke tsayar da mota a titi, amma yana da wata 'yar tsaga a kuncinsa na hagu, ƙasan ido kaɗan, wadda ƙarshenta ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kifi. In ya yi dariya sai ta ɗaga sama. Ni dai wannan tsagar na fara so kafin na so mai ita, kuma na sha gaya masa.

Abu ɗaya ya hana a sa rana. Baba ya ce sai yayarsa ta zo ta ga yaron da idonta. Anti Awabu ke nan, wadda ta tafi Hambog ta Jamus tun ina tatata, takardu suka riƙe ta shekara da shekaru. Kuma ba gwaggo kaɗai ba ce a wurina. Da aka haife ni Mma ta kwanta ciwo, Anti Awabu tana goyon 'yarta Mubarika, ita ta haɗa mu ta shayar. Duk gidanmu an san wannan, da shi ake tsokanata in na cika surutu, a ce a nono na sha.

Ta sauka a watan Yuli, lokacin hutun Turawa, ita da Mubarika da babban ɗanta Imurana da akwatuna har bakin ƙofa. Tun daga ranar gidanmu bai ƙara yin shiru ba. Takalmin gudu fari take sawa a ƙarƙashin dogon hijabi, ga 'yar jaka ɗaure a ƙugu, ga waya a hannu tana ɗaukar kowa da komai, har akuyar maƙwabta. Ta rantse ba za ta koma ba sai ta gaishe da duk wanda ya taɓa ara mata gishiri a Accra. Ni aka naɗa mai ɗaukar ledar tsaraba.

A haka wata safiya muka faɗa wani tsohon gidan haya a unguwar Maamobi, ni da ita da Mubarika. Ta tsaya a tsakar gidan ta dafe ƙirji.

"Ei, Lati! Nan ne fa. A wannan ɗaki na haifi Imurana. Wancan kuma na Abibata ne, mai koko, 'yar Walewale. Mijinta direban babbar mota, kullum yana hanya. Allah ya jiƙan Abibata, mutum ce ta ƙwarai paa."

Na ji sunan ya taɓa ni, amma Abibata nawa ne a Maamobi? Na gyara riƙon leda.

"Yaronta ya yi jijjiga," ta ci gaba, "aka kira wanzami ya tsaga masa kunci a sa magani. Yaron ya fizge, aska ta goce, tsagar ta lanƙwashe. Kuka kuwa, cale, duk gidan ba mai barci. Sai ita ma uwar ta kwanta, aka ɗauke ta asibiti. Wa zai bar jariri da yunwa? Na ɗauke shi. Imurana a nan, shi a nan." Ta nuna ƙirjinta dama da hagu tana dariya. "Har uwar ta dawo ni ke ba shi. Ya fi Imurana ci sef! Daga baya suka tashi, sai labari na ji wai ta rasu. Ko ina yaron nan yake yanzu, oho."

Ledar ta kuɓuce mini, sabulai suka watse a ƙasa. Mubarika ta ce jiri ne, Anti ta ce yunwa ce, aka aika a sayo mini burkina, furar nan ta nono mai sanyi. Na sha ban ji ɗanɗanonta ba. Sunan mahaifiyar Fataw Abibata. Koko take sayarwa a Maamobi. Babansa direba ne kafin ƙafa ta hana shi. Abin da ya sani game da ita ke nan kaf, kuma ni kaɗai ya taɓa gaya wa, domin babansa in aka ambace ta tashi yake ya bar wurin.

Da muka koma gida na kulle kaina a banɗaki na tura wa malaminmu na Islamiyya saƙo. Na ce wata ƙawata ce take tambaya. Kun san ƙawar nan, kowace mace tana da ita.

Ya amsa da murya: "Ki gaya wa ƙawarki, in mace ɗaya ta shayar da su kafin yaye, ko ba lokaci ɗaya ba, wa da ƙanwa ne. A wurinmu ko ɗigo ne ya shiga ciki, magana ta ƙare."

Ban haƙura ba. Na shiga waya ina neman malamin da zai ce wani abu daban. Na samu masu cewa sai an sha an ƙoshi sau da dama. Na fara murna, sai na tuna dariyar Anti, wai ya fi Imurana ci. Ko ta wace ƙofa na bi a kulle take.

Me kuke so in yi? Ku faɗa mana, tunda a bakinku abin da sauƙi. Mma ba ta san labarin ba, ba a auro ta ba tukuna lokacin. Baban Fataw lokacin yana kan hanyar Bawku da mota, ina ruwan namiji da wanda ya ba ɗansa nono? Abibata tana kabari. A duniyar nan mutum biyu ne kawai ke riƙe da zancen, Anti da rabi, ni da duka. Anti kuwa ƙarshen Agusta za ta hau jirgi. Sai zuciyata ta ce mini: Lati, ki daure, kar dai su haɗu ido da ido. Ta ga hotonsa a waya, amma hotunana duk da filta nake ɗauka, ita kuwa filta goge tsaga take yi tas.

Haka na shiga wasan ɓuya da mutanen da na fi so. Imurana, ɗan Jamus mai jadawali, kowane ƙarshen mako da inda zai kai mu. Muka je bakin tekun Labadi, Anti ta hau doki tana salati. Muka je Bojo aka tsallakar da mu a kwalekwale. Muka je Kokrobite muka ci gasasshen kifi da shito mai yaji har Mubarika ta yi hawaye. Kowace tafiya sai Anti ta ce, "Ina surukin nawa?" Ni kuwa in ce ya tafi aiki Tema, ko shagonsa ya cika, ko babansa ba lafiya. A hotuna duk ina dariya. Ku koma ku duba, za ku ga dariyar ba ta kai ido ba.

Fataw ma bai bar ni ba.

"Lati, me na yi? Antinki ta zo tuntuni ban je gaisuwa ba. Za a ce ba ni da tarbiyya."

"Mura take yi."

"Mai mura ce na gani a kan doki a sitatus ɗinki?"

Na kashe wayar na tura ƙarƙashin filo. Abinci ya daina shiga. Abayar da na ɗinka wa kaina da Sallah ta fara yi mini yawa a kafaɗa. Mma ta ce zumuɗin aure ne, ta ƙara mini tuwon zafi. In na tsaya sallah sai in rasa me zan roƙa. In ce Allah ya rufa asiri? Asirin me, a gaban wa?

Ranar wata Juma'a Baba ya dawo daga masallaci ya kira ni falo. Bai ko cire hula ba.

"Latifatu, wasa kike da ni? Yayata saura kaɗan ta tafi, ba ta ga yaron nan ba. Ko kin fasa ne ki faɗa mini, in mayar wa mutane goronsu."

"Ban fasa ba, Baba."

"To. Gobe Imurana zai kai mu Ada, mu ga tsibirai. Na kira Fataw da bakina, zai zo. In Yaya ta ce ya yi mata, mu yi Fatiha a can, mu dawo a sa rana."

Gaba kura, baya sayaki. Na zari mayafi na fita kasuwa kamar wadda aka kora. A bakin titi wurin masu agogo na ga wani baƙin tabarau, ƙato, mai rufe rabin fuska. Ko tayi ban yi ba. Na hau okada har New Town na miƙa wa Fataw.

Ya juya shi a hannu. "Wannan ai na masu walda ne."

"Shi ake yayi. Gobe ka sa, kar ka cire."

"Lati, Agusta muke. Rana ma ba ta fitowa."

"In kana sona ka sa."

Ya dube ni ya daɗe, tsagar nan tana kallona. Sannan ya ce to.

Da safe trotro, bas ɗin haya da Imurana ya ɗauko shata, ya tsaya a ƙofar gida. Aka loda kulolin waakye, shinkafa da wakenmu, da jolof, da zoɓonmu sobolo a jarka, da tabarmi, da butoci. Na sa abaya ruwan ƙasa da farin mayafi, na shafa hoda har sau biyu don ta ɓoye kumburin idona. Sai ga Fataw cikin farar jallabiya da tabarau. Ya durƙusa gaban Anti da Baba, kuma da yake ɗan mutunci ne hannunsa ya tafi kai tsaye zai cire, don ba a gaishe da manya da baƙin gilashi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Apolo yake yi!"

Kun san apolo, ciwon idon nan mai ja, wanda mutanenmu suka yarda ko kallon mai shi ka yi ya kama ka. Anti ta yi baya har tana taka ƙafar Mma.

"Kar ka cire! Kar ka cire, ɗana, na yafe! Jirgi zan hau, Jamusawa su gan ni da jan ido su tsare ni? Allah ya ba ka lafiya. Zauna can baya."

Motar ba ta kai Tema ba saƙonsa ya shigo: "Apolo kuma?"

Na rubuta: "Zan yi maka bayani."

"Kin sa na yi wa babanki ƙarya ina durƙushe."

Na kife wayar. Na jingina kai da gilashi ina kallon gonakin kankana suna wucewa.

Ada wuri ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba don ina cikin baƙin ciki. A nan kogin Volta ke shiga teku. Aka sa mana rigunan ruwa masu ruwan lemo, Baba ya ɗaura tasa a kan babbar riga yana ta Hasbunallahu. Jirgin ruwan da muka shiga ya bi ta tsakanin tsibirai, kwakwa ko'ina, gidajen ciyawa, mata suna wanke kaya a bakin ruwa, maza suna nutso su fito da kwando cike da ƙumba. Anti tana gaba tana yi wa ƙawayenta na Hambog bayani ta bidiyo. Fataw yana can ƙarshe kusa da inji shi kaɗai, ruwa yana fantsar masa a gilashi, ba ya iya cirewa ya goge. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in faɗa kogin.

Muka sauka a wani tsibiri aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin kwakwa. Da azahar ta yi sai na tuna ba a alwala da tabarau. Sai Anti da kanta ta miƙa buta ta hannun Imurana.

"Ba shi, ya je can nesa ya yi. Kar ya taɓa tawul ɗin kowa."

Ya je can nesa ya yi. Aka yi sallah, aka buɗe kuloli. Anti ta zuba masa da hannunta, nama har ya fi shinkafa, tana yi masa tambayoyi kanta a juye gefe. Sana'arsa, masallacinsu, ko yana shan taba. Ta ce, "Mahaifiya fa?" Ya ce ta rasu yana ƙarami. Ta ce Allah ya jiƙanta, ta wuce zuwa wata maganar, tunda ba a tona wa maraya ciwo a kan abinci. Na ga ta kalli Baba ta gyaɗa kai.

Shi ke nan fa, masu karatu. Na ci. Na tsallake. Saura ta hau jirgi, saura in zama amarya. Ya kamata in ji sanyi, sai na ji kamar an ɗora mini turmi a ƙirji.

Kafin a yi Fatiha mai jirgin ya ce mu zo mu ga bakin teku. Wani siririn yashi ne, kogi a dama kwance lafiya, teku a hagu yana ta hauka. Kowa ya ruga ɗaukar hoto. Fataw ya rage tafiya har na iso shi. Na shirya jin faɗa, amma muryarsa a sanyaye ta fito.

"Ban san me kike ɓoyewa ba, Lati, kuma ba zan matsa miki yau ba. Alfarma ɗaya nake nema. Na ji Imurana yana cewa a Maamobi aka haife shi. Antinki ta zauna can lokacin da muke can ke nan."

Na kau da kai wajen teku.

"Ki tambayar mini ita ko ta san wata Abibata mai koko. Ni kin mai da ni majinyaci, ba ta ko kallona." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta yi nisa ba. "Ko hotonta ba ni da shi. Ban san doguwa ce ko gajera ba. Tun ina yaro nake bin tsofaffin Maamobi da ido, ina cewa wataƙila wannan ta san ta. Mutum ɗaya kawai nake so ya ce mini, na san uwarka, ga yadda take dariya. In na samu wannan kafin aurenmu, wallahi ba na neman komai."

Matar da yake nema tana gabanmu, taku kaɗan, ta ɗage hijabi tana gudun igiyar ruwa tana ihu. Ni na tsaya a tsakaninsu da tabarau na bakin titi. A nan na tsani kaina, tsana ta gaske. Na ce ina son mutumin nan, ga shi ina shirin sace masa uwa karo na biyu, in kuma kai shi ɗakin da Allah ya haramta masa, bai sani ba, yana ta gode mini.

Muka koma tabarma. Baba ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"To Yaya, kin gan shi. Me kika ce?"

"Ya yi mini," in ji Anti. "Yaro mai kunya. Idon ne kawai ban gani ba, shi ma in ya warke a turo mini hoto. A yi Fatiha."

Hannaye suka tashi. Na Baba, na Mma, na Imurana da Mubarika, na Fataw masu tabon aiki. Nawa suka ƙi. Na bar su a kan cinyata. Mma ta zungure ni da gwiwar hannu.

Na miƙe. Na taka tabarmar da takalmi, abin da ban taɓa yi ba a gaban Baba, na je na tsaya a kan Fataw. Ya ɗago kai. Na sa hannu biyu na zare tabaran.

"Ba apolo yake yi ba, Anti. Ƙarya na yi. Ki dube shi."

"Latifatu!" in ji Baba.

"Ki dube shi da kyau, Anti. Kuncin hagu."

Ta fara kare fuska da hannu, sai ta leƙo ta tsakanin yatsu. Hannun ya sauka a hankali. Ta rarrafo a kan gwiwa, mace mai jikoki, har ta zo gabansa. Ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske, ta bi tsagar da ɗan yatsa har inda ta lanƙwashe.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Idon Abibata. Ei! Idon Abibata ne wannan!"

Fataw ya daskare. "Kin san ta?"

"Na san ta? Ɗakinmu na kallon juna! Doguwa, baƙa, ga wushirya, in ta yi dariya har titi ana ji. Kai ne mai kukan nan! Sumaila ƙanena, ka ga ikon Allah? Ɗana ne wannan, ɗana na kaina! Ni na ba shi nono, shi da Imurana, a ƙirjin nan!"

Ta rungume shi tana kuka tana dariya. Shi ma ya fashe, ƙato da shi, ya kifa kai a kafaɗarta kamar yaron goye, yana cewa ta ƙara faɗa, doguwa ce, ta ƙara faɗa.

Mma ce ta fara ganewa. Na ji ta ja numfashi ta ce innalillahi can ƙasa-ƙasa, ta toshe baki da gefen mayafi. Baba har lokacin hannayensa suna sama, ya manta bai sauke ba, yana kallon yayarsa, yana kallona. Anti kuwa murna ba ta bar ta ta yi lissafi ba tukuna.

Fataw ya ɗago daga kafaɗarta fuska jiƙe. Ya neme ni da ido har ya same ni tsaye da tabarau a hannu. Ya yi mini murmushin da ban taɓa ganin irinsa a fuskarsa ba, tsagar ta ɗaga sama.

"Lati," ya ce, "ashe abin da kike shirya mini ke nan? Allah ya yi miki albarka. Zo mana, zo ki ji yadda uwata take."